A Bar Mujiya Ta Sarara

Garin da aka ce waliyyai 99 suna kwance kewaye da tafkinsa bai kamata tsuntsuwar da ba ta wuce taƙi guda ba ta razana shi. Amma je ka Madarumfa bayan isha'i, ƙaramar mujiyar nan ta soma fitonta siriri daga itatuwan bakin ruwa, ka ga yadda dattijo mai furfura zai tattara tabarma yana a'uziyya. Wai mugun labari ta kawo. Tsawonta duka-duka santimita 20 ne, abincinta fara da ƙadangare da ɓera, amma mun ɗora mata mutuwar kowa.

Laifinta na farko, wai yawon dare. To, samarin fada fa? Su ma sai asuba ta gabato suke tashi, an sha shayi na ɗaya, an sha na biyu, na uku ya zama ruwan zafi mai sukari, ana ta gardamar ƙwallon Turai kamar akwai mai gado a Real Madrid. Ita in ta fita da ɓera take komawa. Shi kuwa gogan da mataccen caji yake dawowa, ya kwanta sai azahar, ya buɗe ido yana cewa, "Inna, ba a rage mini koko ba?" Wannan ƙaramar ma har da rana takan fita neman na kanta, abin da ɗan fada bai taɓa gwadawa ba.

Sai maganar kallo. Idon mujiya ba ya motsi a gurbinsa, shi ya sa take juya wuya har digiri 270. Lalura ce. A ƙeyarta kuma akwai ɗigo biyu baƙaƙe masu kama da idanu, na ƙarya ne, don mai biyo ta ta baya ya ji tsoro. Mu namu na ƙeya na gaske ne, kuma suna aiki ba dare ba rana. Mutum yana zaune kan benci, ya ba titi baya, yana jan carbi, amma ya san buhun shinkafa nawa aka shigar gidan maƙwabci, ya san akwatin lefen wance biyar ne ɗaya kuma aro aka yi. Ka tambaye shi kuɗin makarantar ɗansa, sai ya ce bari a kira uwar.

Abin da ya fi burge ni da ita, in ta haɗiye ɓera, gashi da ƙashin da ba su narke ba takan dunƙule ta amayar. Mu kuwa saƙon murya ya shigo WhatsApp, mu haɗiye da ƙashi da gashi, mu tura wa dangi har Katsina.

Wuri ɗaya ne ba zan kare ta ba: ba ta gini. Kogon da wani tsuntsu ya sha wahalar sassaƙawa take tarewa a ciki, ba haya ba godiya. Kowane gida yana da irin wannan baƙon, wanda ya zo jinyar mako guda tun kakar bara.

Ko kogon ma yana neman gagararta, don itacen dajin Baban Rafi kullum yana kan hanyar murhun Maradi. Ran da ɓeraye suka gama da rumbu za mu ce hassadar maƙwabta ce.

Yara masu danƙo, ku sauke hannu. In dai mai hana mutane barci kuke nema, yana can bakin titi yana fifita gawayin shayi.