Wuƙar likita kuke tsoro ko takardar kuɗi?

Haba mutanen Lugu! Ku da kakanninku suka tsaya bayan Sarauniya Mangu suka tari bindigogin sojan Faransa a 1899, yau likita ya ce "sai an yi aiki", sai ga ƙato yana laluben takalmi?

Na ji mai cewa: "Malam, ba wuƙar ba ce, takardar kuɗin ce." To madalla, mu zauna mu yi lissafi. Tun 2005 gwamnatin Nijar ta ce fiɗar haihuwa kyauta ce. A Satumbar 2024 kuma aka rage rabin kuɗin jinya a asibitocin gwamnati, har da na tiyata.

"A rediyo ba!" in ji Baba daga bayan taro. Baba, Allah ya ja kwana, ba ka yi ƙarya ba. Gwamnati kan yi jinkirin biyan asibitoci kuɗin kyautar nan, magani ya yanke, a miƙo maka takarda ka sayo a waje. Ga kuɗin mota daga Lugu zuwa Dogon Dutsi, in abin ya fi ƙarfin asibitin can a ce sai Doso, tafiyar fiye da kilomita 130. Ga cin mai jinya, ga gona ba mai nome ta. Ba ku kaɗai ba ne kuma: kwamitin mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2015 cewa kowace shekara kuɗin tiyata na durƙusar da mutum miliyan 33 a duniya, kuɗin mota da abinci da masauki kuwa miliyan 48. Kun ji, hanya ta fi wuƙa ci.

Yanzu saura naku laifin, kada kowa ya tashi. Mutum ya yi shekara da shekaru yana ɓoye ƙaba cikin babbar riga, yana tafiyar agwagwa, an tambaye shi ya ce sanyi ne. Mai magani ya ci zakara, ya ci bunsuru, ƙaba na nan tana ƙiba. Sai tsakar damina, cikin dare, hanji ya shaƙe. A ranar mai mota zai faɗi kuɗin da ya ga dama, dillali ya ga idonka ja ya taya ragonka rabin kuɗi, gona ta tafi jingina. Aikin kuma ya tashi daga ɗinkin ƙaba ya koma yankan hanji. Da kai ka zaɓi ranar, bayan kaka, rumbu cike, rago ya sayu da daraja, da kwana kaɗan ka yi ka dawo kana cika baki a kasuwa.

"Talaka ina ya ga ajiya?" Af! Adashin biki fa, daga sama yake faɗowa? Kowane gida ya ajiye damin hatsi ɗaya da kaka, a sayar, a ce wannan na mota da magani ne ga duk wanda ta faɗa wa.

"Wa zai riƙe kuɗin?" Yauwa, Baba, yanzu ka yi tambaya. Ku ba mata su riƙe. Ku dai maza na san ku, kafin watan Layya kuɗin sun zama sadaki.