Yadda Ake Rubuta Takardar da Ba Ta Kama Kowa

Takarda mai ma'ana ɗaya tak abar tsoro ce ga ɗan kasuwa. Da zarar ta faɗi wanda zai biya, da nawa zai biya, da ranar da zai biya, shi ke nan, mai sa hannu ya shiga hannu. Abin farin ciki shi ne rubutun Hausa yana da ƙofofin gudu da yawa, kuma wasu sakatarori da yaran shago sun daɗe da gano su. Ga hanyar, don amfanin sabon shiga.

A fara da gaisuwa, kuma kada a yi rowa. "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri" somin taɓi ne kawai. Sai a tambayi iyali, da gajiya, da kasuwa, da sanyi ko zafi, a roƙi Allah ya ƙara girma ya ja zamani. Dalilin ɗaukar biro kuwa, wato buhu arba'in na masara da har yau ba a kawo ba, sai a cusa shi a layi na biyun ƙarshe, inda mai karatu ya riga ya gaji da cewa amin ya ninke takardar.

Daga nan sai a zubar da lanƙwasa. Tun shekarun 1930 boko ya samu ƙ da ɗ da ɓ, a zamanin da Rupert East ke jagorancin hukumar talifi a Zariya, inda aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. An kawo su ne don kada a rikita baki da baƙi, ko kafa da ƙafa. Mai wayo ba ya bari wannan tsohon tarihi ya takura masa. Zai ce wayarsa ba ta da haruffan, ko da yake Gboard yana da allon Hausa kyauta, sannan ya haɗa da dabara ta biyu, wato manne kalmomin da ya kamata a raba.

A nan ne gwaninta take. Masana sun zauna a Bamako a 1966, suka sake zama a Kano a 1972, sannan a Yamai a 1980, duk don daidaita rubutun Hausa. Daga cikin abin da aka tsaya a kai, wakilin sunan da ya biyo bayan aikatau yana tsayawa shi kaɗai, a rubuta "ya ba ta", na mallaka kuma yana manne da sunansa, a rubuta "kuɗinta". Duk wanda ya yi watsi da ƙa'idar nan, ya kuma yar da lanƙwasa, zai iya tura wa maigida wannan saƙo game da kuɗin wata Hajiya: "Direba ya bata kudin." Idan Hajiya ta ce kuɗi sun shigo hannunta, madalla, ai cewa aka yi ya ba ta. Idan kuma aka neme su aka rasa, to ai tun ranar aka rubuta ƙarara cewa ya ɓata su, maigida ne bai karanta da kyau ba. Saƙo ɗaya, shaida biyu. Haka nan "a bashi kayan": mai karɓa zai rantse cewa an ce a ba shi, mai shago zai rantse cewa bashi aka ce.

Akwai wata kyautar da boko ya yi wa kowa ba tare da an roƙa ba. Ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Saboda haka "Manaja ya ce ya biya" tana iya nufin manaja ya riga ya biya, tana iya nufin umarni ya bayar wani ya je ya biya. Wane ne wanin, ba a faɗa ba. Masu tsautsayi kan gyara ta su rubuta "Manaja ya umarci akawu ya biya" ko "Manaja ya ce shi ya riga ya biya", su jawo wa kansu alhaki a banza.

Sai babban amini, wato "an". An samu kuskure wajen lissafi. Ana kan aiki. Za a duba. Ba a taɓa ganin an kai "an" gaban alƙali ba. Idan abu ya yi tsanani, a bar kayan su ɗauki laifinsu da kansu: buhu ya yage, fayil ya ɓace, kuɗi sun salwanta, kamar akuyar da ta tsinke igiya ta shiga daji ba da sanin kowa ba.

Maganar lokaci ba ta da wuya. A rubuta "bayan Sallah", kada a ce wacce, tunda tsakanin ƙarama da babba akwai wata biyu da kwana goma, kuma bayan babbar ma wata ƙaramar na tafe. A rubuta "jibi" a takardar da ba ta da kwanan wata. "In sha Allahu" kuwa hakkinsa a faɗe shi tare da rana, amma gwani kan ajiye shi a gurbin ranar.

Kuɗi da awo suna buƙatar ɗan ilimi. Mai ciniki tsakanin Kano da Maraɗi ya riƙe kalmar "jaka" da kyau, domin a bakin dattawan Najeriya jaka naira 200 ce, gadon fam ɗari na kafin 1973, a Nijar kuwa jika sefa 1,000 ce, kuma a can da dala ake ƙirga, kowace dala sefa biyar. Rasit mai ɗauke da "jaka hamsin", ba naira ba sefa, zai iya raba abokai. Buhu ma kada a ce na kilo 50 ne ko na 25. Kada kuma a bambanta aro da rance, domin abin aro shi kansa ake mayarwa, rance kuwa madadinsa ake biya, kuma wanda ya tantance ya rufe wa kansa ƙofar gardama. Kuɗin da aka fara bayarwa kada a kira su kafin alƙalami. A ce "ɗan abin da ya samu".

Haɗari ɗaya ya rage, shi ne murya. A baki ɓ tana fita sarai, kuma kunnen Bahaushe ba ya rikita "ya" ta abin da ya wuce da "ya" ta umarni. Don haka a guji saƙon murya na WhatsApp, komai sauƙinsa. Idan maigida ya gaji da juya takarda ya bugo waya yana tambayar ina kuɗin Hajiya, sai a ɗaga a ce, "Ranka ya daɗe, ba sabis a nan, bari in turo a rubuce."