A-kori-kura Ba Ta Karanta Takardar Kamfani

A Amurka mutum kan kwashe wata guda yana shawarar wace a-kori-kura zai saya, Ford F-150 ko Ram, don kawai ya ja ɗaki mai taya, da gado da banɗaki a ciki, ya tafi daji ya kwana. Ba korarsa aka yi ba, ba kuma bashi ake bin sa ba. Wai hutu. A ƙasar Funtua, duk wanda ya ce zai kwana a daji don nishaɗi, dangi za su fara cigiyar mai ruƙiyya.

Shi Ba'amurke takardar kamfani yake dubawa: nauyi nawa motar za ta ja, birki zai riƙe a gangara? Mu tambayarmu ɗaya ce: buhu nawa take ɗauka? Dillali ya ce goma sha biyar, direba ya ji ashirin, ɗan kamasho ya ƙara uku, fasinja kuma su ɗare kan masarar da akuyarsu. In auduga ce, tun da ba ta da nauyi, sai a yi ta jibga har motar ta fi rumbu tsayi.

Hilux ta masu hali ce. Tsohuwar Fijo 504, irin haɗin Kaduna, ita ke rarrafawa daga Malumfashi ta Bakori, gindi a ƙasa, hanci a sama.

Na taɓa cewa, "Malam direba, kayan nan bai yi yawa ba?"

"Haba Alhaji, ko gumi ba ta yi ba. Ku dai sauko ku tura mu wuce hawan nan."