Saƙar Dangi Ba Ta Da Rasit

Mai saƙar kayan jarirai tana da kwastomomi iri biyu: masu turo kuɗi ta waya da masu turo "Allah ya yi albarka". Na biyun sun fi yawa, sun kuma fi iya zaɓen kala.

Da hunturu ya kama sai oda ta taru. Mace ta sayo zaren ulu a Sabon Gari da kuɗinta, ta zauna da kwarashi bayan Isha'i, an ɗauke wuta, tana haskawa da waya kada safa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Daidai nan Gwaggo za ta kira. "Ke 'yar nan, ƙanwarki ta sauka, an samu namiji. Ai ba sai na faɗa miki ba." Ba sai ta faɗa ba kuwa. Suna kwana bakwai ne, ba a ɗagawa, kuma jaririn dangi ba ya sa hula kaɗai, sai da riga da safa da shawul mai tuntu.

To, saitin da wata baiwar Allah ta biya rabin kuɗinsa shuɗi ne, jariri kuma namiji. Magana ta ƙare. Ita kwastoma sai ta ji labarin zare ya yi wuya a kasuwa.

Ranar suna ana ɗaga shawul ana yabawa, wata ta tambayi nawa ake yi. Kafin mai saƙa ta buɗe baki Gwaggo ta riga ta: "Haba, ai ta gida ce, kawo mata zare kawai." Zaren ma ba ya zuwa, sai hoton samfuri ta WhatsApp.