Ƙaramin Babur Ya Fi Rufin Asiri

Mai shirin ratsa Biyetnam a kan babur, daga Hanoi zuwa birnin Ho Chi Minh, tafiyar kusan kilomita 1,700, ya haƙura da ƙaton BMW ya yi hayar ɗan Honda Wave. Kusan kowane ƙauye akwai bakaniken da zai kwance shi ya ɗaure kafin kofinka ya huce, shi kuwa ƙaton in ya ƙi tashi, yara ne za su taru kallo kana jiran kayan gyara. Za a ce ɗan babur ba ya gudu. Haka ne, amma doka ta hana babura hawa titunan gudu a can, to saurin na ina ne? Kaya dai a rage, ɗuwawu na buƙatar wurin gyara zama, sai dai rigar ruwa kada a baro ta.