Zuwa ga Hajiya Odar Kotu

Ranki ya daɗe,

Talakanki ne daga Kwanar Ɗangora, a madadin mutanen Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa. Tambaya ɗaya muka aiko da ita: wai ke, ku nawa ne a gidanku?

Ga dalilin tambayar. A 2019 Gwamna Ganduje ya raba masarautar Kano biyar, muka wayi gari an ce mu 'yan Rano ne. Hakimanmu suka juya akalar dawakansu zuwa can. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe wancan rabo, ya maido da Muhammadu Sanusi II kan sarautar Kano, aka ce mun koma Kano. Ko da aka sake ɗaga Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da Bunkure da Kibiya kaɗai aka bar ta. Duk wannan kai-komo babu wanda ya tambaye mu, kuma mun haƙura.

Sai kika shigo. Ranar 28 ga Mayun 2024 kin fito daga Babbar Kotun Tarayya kina cewa a fitar da Sanusi daga Gidan Rumfa. A wannan rana dai kin fito daga Babbar Kotun Jiha kina cewa kada ɗan sandan da ya kuskura ya taɓa shi. Ranki ya daɗe, wacce ce ke a ciki? Shi kansa Alƙalin Alƙalan Najeriya na lokacin, Olukayode Ariwoola, sai da ya kira shugabannin kotunan biyu su zo su yi masa bayani. Da mu ne muka yi magana biyu a gaban mai unguwa, da tuni an ce mana baki biyu gare mu kamar ganga.

A Janairun 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce kotun tarayya ba ta da hurumi a maganar sarauta. Masu murna ba su gama raba goro ba, a watan Maris kika dawo kika ce kowa ya tsaya inda yake sai Kotun Ƙoli ta yi magana. To, Aminu Ado Bayero, sarkin da aka sauke, yana gidan Nassarawa, Sanusi yana Gidan Rumfa, kowa ya ce ai inda yake kike nufi. 'Yan sanda suka hana hawan Sallah. Mai doki ya ci bashin kayan ado, dokin ya yi Sallarsa a turke.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne saurinki. In babban mutum ya kira ki, kafin la'asar kin iso da hatiminki. Wani maƙwabcina kuwa yana shari'ar iyakar gona tun kafin a yi wa ɗansa kaciya, yanzu yaron yana neman aure, kullum amsar ita ce an ɗage zama.

Don Allah ki zauna da 'yan'uwanki ku tsayar da magana ɗaya, kowa ta faɗa wa ya rungumi ƙaddara. In kuma kin samu sarari, ki biyo ta wajenmu kafin damina ta sauka, maƙwabcin nan nawa yana so ya san inda zai tsayar da garmarsa.

Naki mai biyayya,
Wani talaka daga Kwanar Ɗangora