Karatu Ya Zauna

Wani maƙwabcinmu a Kibiya ya ci alwashin sai ɗansa ya iya karatun boko kafin ya shiga aji ɗaya. Da safe yaro na gaban malam da allonsa, ana fama da babbaƙu da farfaru. Da yamma uban ya share ƙasa ya zana masa ba, be, bi da tsinke. A hanyar Rano ma ba hutu, duk rubutun da babur ya wuce sai an haɗa baƙi.

Karatu kuwa ya zauna. Ranar kasuwa, a shagon mai shinkafa cike da jama'a, yaron ya leƙa littafin kan tebur, ya ɗaga murya: "Baba, ga sunanka! Ba-shi. Har sau uku!"

Iyayen yara, kafin darasin gobe, a leƙa mai shago.